Madannin da Ke Kusa da Ja

Tun ranar da muka hau da akwatin nan
matakala tamanin da shida, daga bakin titi zuwa tudunmu,
rimot a hannun Baltasar yake wuni.
Ban taɓa tambaya ba.
Mai mai ɗebo ruwa, ina ruwanta da zurfin rijiya?

Yau kwana goma sha tara da binne shi.
Valparaíso na can ƙasa tana harkar gabanta,
jiragen kaya na kuka a bakin teku.
Na zauna in ga labaran ƙarfe tara,
allo ya yi shuɗi, ya ce da ni: babu sigina.
Na ce, ai na riga ka sani.

Na kira Ximena, tana Antofagasta, tana bakin aiki.
"Mama, nemi madanni mai hoton kibiya tana shiga ɗaki,
can sama, kusa da ja.
Ba jan ba, na kusa da shi!"
Na danna ja. Komai ya mutu.
Ta ja numfashi irin na ubanta sak,
ta ce za ta sake kira.

Na gyara tabarau, na kunna, na lalubo.
Sunaye suka jeru kamar masu jiran likita,
HDMI ɗaya, biyu, uku,
da wani AV rakuɓe a ƙarshen layi.
Ba wanda na sani, ba wanda ya gaishe ni.
Ashe bango ɗaya ne, ƙofofi da yawa,
ni kuwa baƙuwa a falon kaina.

Hannu ya zarce, na faɗa ta biyu.
Injin wasan jikana Nahuel, a kunne tun Lahadi:
wata koriyar mota tsaye a bakin layi
tana gurnani, tana jiran direba.
Direba na da jarrabawa gobe.

Ta uku idon ƙofarmu ce.
Ga matakala daga sama, fari da baƙi,
ga karen maƙwabta a kwance,
ga tukunyar furen da na manta da ƙishinta,
ga dakalin da yakan tsaya ya dafa gwiwa
kafin ya nemo makulli.
Na daɗe a nan.
Ba wanda ya hawo.

Sai AV.
Na bi wayar da ido, ruwan ɗorawa da fara da ja,
har tsohon injin bidiyo a ƙarƙashin teburi.
Na sunkuya na taɓa shi, ya yi tari,
ashe da kaset a cikinsa, ya ci rabi.

Rairayin Quintero. Ximena 'yar shekara shida, ba haƙoran gaba.
Ga ni da malafa, iska ta fizge ta,
ina binta da gudu, ina zagin teku.
Shi ba ya ciki, shi ke riƙe da kyamara.
Dariyarsa kawai,
da hoton da ke rawa saboda dariyar.

To, wannan ce ƙwallon da kake kallo da tsakar dare,
ka rage murya wai kada ka tashe ni?
Munafuki. Shekara nawa.

Waya ta yi ƙara. "Mama, ta ɗaya ce, kin samu?"
Na ce na samu.
Na koma ta ɗaya don kada in zama maƙaryaciya,
an gama labarai, saura mai hasashen yanayi
yana nuna gajimare a kan tudunmu.

Na ɗauko jan farce,
na ɗiga ɗigo ɗaya a kan madannin.
Kafin ya bushe na fita da kofin ruwa,
ko da sun ce gobe da ruwan sama.